Sabunta Fatar Ƙaramar Bindiga da Wankan Gishiri Mai Taurara Ƙarfe

Ƙaramar bindigar da ake ɗauka kullum, ba yawan harbi ne ke fara tsufar da ita ba. Gumin jiki ne, da danshin iska, da gugar kube. Baƙin da ta zo da shi daga masana'anta yakan fara koɗewa a gefen baki da kusurwoyi, sai inda yatsu ke yawan taɓawa ya yi fari, daga nan tsatsa ta sami ƙofar shiga. Abin da ke fara zuwa wa mai ita a rai shi ne a sake mata launi. Amma muddin launin a saman ƙarfe zai kwanta, ba za a daɗe ba za a koma gidan jiya.

Akwai hanyar da ta fi wannan ƙarko, wato tsoma ƙarfen cikin narkakken gishiri mai tsananin zafi domin naitirojin da kabon su ratsa fatarsa su taurara ta. Kamfanoni suna sayar da aikin da sunaye daban-daban, Tenifer, Melonite, Tufftride, QPQ, amma tushensu ɗaya ne. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, wannan aiki ba ya rufe aibi, kuma ba a warware shi. Yadda ka miƙa ƙarfen haka zai dawo maka, sai dai ya yi baƙi, ya kuma yi taurin da magagari ba ya kama shi cikin sauƙi. Don haka kusan duk abin da ya rataya a wuyanka kafin a kai ga tukunya yake.

Abin da ke faruwa a cikin tukunyar

Taurara ƙarfe da naitirojin ba sabon abu ba ne. Adolf Fry ya yi aiki a kansa a kamfanin Krupp na Jamus a farkon shekarun 1920, sannan kamfanin Degussa ya fito da salon wankan gishiri mai suna Tenifer a shekarun 1950. An daɗe ana yi wa sassan injin mota kafin ya yi suna a harkar bindiga. Wanda ya sa duniya ta san shi shi ne kamfanin Glock na ƙasar Ostiriya, wanda daga fitowar bindigarsa Glock 17 a 1982 ya shafe shekaru da dama yana yi wa silaid, wato ɓangaren sama mai zamewa gaba da baya, da bututu wannan wankan, yana mai cewa taurin fatar ya kai 64 a ma'aunin tauri na Rockwell C. Daga baya Smith & Wesson da Walther da wasu suka bi sahu.

Ga yadda ake yi. Ana fara wanke sassan a cire duk maiƙo, a ɗumama su a tanda zuwa kusan digiri 350 na Salshiyas don kada ɗigon ruwa ya saura a jikinsu. Daga nan a nutsa su cikin gishirin da ya narke a kusan digiri 580, su zauna awa ɗaya zuwa biyu. A wannan zafin naitirojin da ɗan kabon suna kutsawa cikin ƙarfe. A can sama suna haɗuwa da shi su zama wata siririyar fata mai tsananin tauri, kaurinta maikiron 10 zuwa 20, kuma maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A ƙarƙashinta naitirojin yana ci gaba da ratsawa har wani ɓangare na milimita, yana ƙara wa ƙarfen juriyar wahala. Wannan shi ne bambancin rini da fenti: ɗaya yana shiga jiki, ɗaya yana kwance a sama yana jiran ranar ɓarewa.

Bayan haka sai a tura sassan tukunya ta biyu mai zafin kusan digiri 400, wadda ke haifar da baƙin nan a samansu, ta kuma kashe ragowar gubar da ta biyo su daga tukunyar farko. A salon QPQ ana fito da su a goge su su yi sumul, a sake mayar da su tukunya ta biyun. Wannan maimaicin ne ke sa su jure tsatsa sosai.

Na ambaci guba, kuma ya kamata a tsaya a nan. Gishirin tukunyar farko yana haifar da sayanayid, wata muguwar guba, a cikinsa, ga shi ɗigon ruwa ɗaya idan ya faɗa narkakken gishiri mai wannan zafi sai ya fashe ya watsa shi ko'ina. Ba aikin gareji ba ne, ba na ƙaramin shagon gyara ba ne. Masana'antar da ke da na'urar zuƙe hayaƙi, da ɗakin awon sinadari, da hanyar tace ruwan wanki, ita ke yinsa. Duk wanda ya ce zai koya maka haɗa shi a gida, ka yi nesa da shi.

Mataki na farko: ka tabbata bindigar ta dace da aikin

Ka samo maganaɗisu ka bi sassan ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da bai kama ba, ba zai shiga tukunya ba. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, kuma tun kafin nan ƙarfinsa ya tafi. Wasu bindigogi masu araha ana zuba silaid ɗinsu da haɗin zinki wanda ke narkewa a ƙasa da digiri 400. Gangar jikin roba kuwa ba a ma maganarta. A yawancin fistol na zamani, silaid da bututu ne kaɗai za su je.

Kama maganaɗisu ba shi ne ƙarshen bincike ba. Babbar tambayar ita ce yadda aka taurara ƙarfen a masana'anta. Ana zafafa shi a tsoma a mai ya yi tauri, sannan a sake gasa shi a wani zafi mai sauƙi don a rage masa gautsi. Idan wannan gashi na biyu an yi shi a ƙasa da zafin tukunyar gishiri, to awa biyu a digiri 580 za su sassauta cikin ƙarfen. Sai ka sami fata mai tauri a kan ciki mai laushi. Ga silaid da bututun zamani na ƙarfe irin 4140 ko 4150, raguwar yawanci kaɗan ce, kuma masana'antu da kansu suna yi musu wannan wankan. Ga tsohuwar bindiga kuwa, musamman irin ta zamanin yaƙin duniya da aka taurara wasu wurare kaɗai a jikinta, ban ga dalilin yin kasada ba. Haka ma wadda ke da darajar tarihi. Ranar da aka taɓa asalin launinta, ranar darajarta ta faɗi a wurin masu tara irinta, komai kyawun sabon aikin.

Ƙarfe marar tsatsa yana da nasa sharaɗin. Wankan yana taurara shi, yana kuma magance matsalar nan ta sassa biyu na irin ƙarfen su riƙa cizon juna idan suna gugar juna. Sai dai naitirojin yana kama wani ɓangare na kuromiyom ɗin da ke hana shi tsatsa, don haka yana iya fitowa da ƙarin tauri amma kariyarsa daga tsatsa ta ragu. Idan matsalarka karce ce, ya dace. Idan tsatsa ce kaɗai kake gudu, ka sake tunani.

Wani abin dubawa shi ne, wataƙila bindigarka ta riga ta sha wannan wankan tun daga masana'anta. Idan silaid ɗin Glock ya koɗe ya yi toka-toka a kusurwa, baƙin sama ne ya tafi, taurin yana nan a ƙarƙashi. Irin wannan ba ya bukatar komawa tukunyar digiri 580, launi kaɗai yake nema, kuma akwai hanyoyin da ba sa gasa ƙarfe haka.

A ƙarshe ka haska cikin bututu da gurbin harsashi da wuraren da silaid ke kullewa da bututu. Idan ka ga tsaga, ko tsatsa ta ci rami mai zurfi a waɗannan wurare, maganar ta tashi daga kwalliya ta koma ta lafiyar mai harbi. Ƙwararren mai gyaran bindiga ne zai yanke hukunci, kuma sau da yawa hukuncin shi ne a sauya sashen.

Mataki na biyu: doka, da wanda za ka ba aikin

Bindiga ba kayan da ake aikawa yadda aka ga dama ba ne. Kowace ƙasa tana da dokarta kan wanda zai mallaka, da wanda zai karɓa don gyara, da yadda za a yi jigila. A Amurka, misali, gangar jiki mai ɗauke da lamba ita ce bindiga a idon doka, kuma kamfanin da zai karɓe ta don gyara sai yana da lasisin tarayya. A ƙasashen Turai da dama bututu da silaid ma suna cikin sassan da doka ke sa wa ido. Ka san dokar inda kake kafin ka kwance ko noti ɗaya, takardunka kuma su kasance a hannu.

Lambar da aka buga a jikin bindiga ba a taɓa ta. Goge ta ko dusashe ta babban laifi ne a kusan ko'ina, ko da kuskuren mai goge ƙarfe ne ya jawo. Ka ɗauki hotonta a sarari, da na sauran tambarin da ke jiki, kafin a fara komai.

Wajen zaɓen kamfani, ka nemi wanda ya saba da sassan bindiga, domin wanda ya saba da manyan sassan inji kaɗai zai iya jefa silaid ɗinka cikin kwando da wasu ƙarafa su daddaki juna. Ka tambaye su a wane zafi suke aiki da tsawon lokacin da suke bari, ko QPQ cikakke suke yi ko tsomawa ɗaya, wa zai shirya fuskar ƙarfen, yadda suke wanke cikin bututu da ramuka bayan an gama, da kuma sassan da ba sa karɓa. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta fi nuna maka wanda ya san aikinsa. Wanda ya ce komai ka kawo zai tsoma, ban amince da shi ba.

Mataki na uku: ka gama duk aikin yanka da gyara

Nan ne mutane suka fi yin nadama. Bayan wankan, fatar ƙarfen tana kusa da taurin magagari kansa. Mai injin yanka zai iya huda ta da kaifi na musamman, amma duk inda ya yanka ya buɗe ƙarfe tsirara, kuma nan tsatsa za ta fara. Saboda haka ka zauna ka yi tunanin duk abin da za ka so a yi wa wannan bindiga nan gaba. Gurbin ɗora madubin saiti a kan silaid, sauya gurbin saitin gaba ko na baya, ƙara zane don hannu ya kama, dakushe kusurwoyi masu yankar hannu, dace sabon bututu da silaid, duk a yi su yanzu.

Kuma kada ka tsaya ga an yi. Ka haɗa bindigar ka je filin harbi da ita tana fara tsirara, da ɗan mai a jiki, ka tabbata tana ɗaukar harsashi tana fitar da kwanso ba tangarɗa, kuma harsashin yana sauka inda saiti ya nuna. Idan akwai wurin da ke gugar wani fiye da kima, yanzu ne dutsen goge ƙarfe zai gyara shi cikin minti kaɗan. Bayan tukunya, bakin alƙalami ya bushe.

Ƙaruwar girma da wankan ke kawowa kaɗan ce ƙwarai, 'yan maikiron a kowace fuska. Ga bindigar aiki ba za ka ji ta ba. Ga bindigar gasa da aka dace ta da hannu har babu motsi tsakanin silaid da gangar jiki, ka gaya wa mai gyaranka tun da wuri cewa wankan gishiri za ta je, ya bar ɗan sarari.

Mataki na huɗu: kwancewa da ware sassa

Ka cire gidan harsashi, ka ja silaid baya, ka duba gurbin harsashi da ido, ka kuma taɓa da yatsa. Ka fitar da duk harsashi daga ɗakin da kake aiki. Sannan ka fara.

Kwancewar da ake bukata a nan ba irin ta wanke-wanken mako ba ce, sai an raba komai da komai. Idan ba ka taɓa yi wa irin bindigarka haka ba, ka ba mai gyara. Idan kai za ka yi, ka riƙa ɗaukar hoto a kowane mataki, ka zuba ƙananan sassa cikin jakunkuna masu rubutu.

Dukkan sifirin suna zama a gida, domin zafin da bai kai rabin na tukunyar ba ma yana kashe musu ƙarfi. Ƙananan sassan harbi su ma haka: allurar dukan harsashi, ƙugiyar zaro kwanso, guduma, da ɗan ƙarfen da ke riƙe ta har a ja kunama. Waɗannan an taurara su a masana'anta daidai da aikinsu, kuma sirara ne, taurin fata yana iya cinye kaso mai yawa na kaurinsu ya sa su gautsi. Idan bakin abin da ke riƙe guduma ya ɓalle, bindiga tana iya tashi ba a taɓa kunama ba. Bambancin launi tsakanin guduma da silaid bai kai a sayi wannan haɗarin ba.

Saiti masu haske da dare suna ɗauke da ƙananan kwalabe na iskar tiritiyom, dole a cire su. Masu zaren haske na roba ma haka. Idan an liƙa wani sashe da dalma, dalmar za ta narke ta kuma ɓata gishirin kamfanin. Ka bi silaid ka nemo robar da ta ɓuya, kamar ɗan bututun da ke cikin ramin allurar Glock, wanda mutane ke yawan mantawa da shi.

Sai maganar wuraren da gishiri ke maƙalewa. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu suka bar siririn tsakani, narkakken gishiri zai shiga, ya daskare, ruwan wanki kuma ba zai kai gare shi ba. Bayan makonni sai ya janyo danshi ya riƙa tsattsafowa fari-fari, yana cin ƙarfe. A libarba, wato ƙaramar bindiga mai gidan harsashi da ke juyawa, bututu a murɗe yake cikin gangar jiki, kuma sai mai gyara ya kwance shi da kayan aikin da suka dace, in ba haka ba gangar ta karkace. A fistol ɗin da ake kira 1911 akwai sassan da aka dasa a jikin gangar da gidajen notin ƙota. Ka tambayi kamfanin wanne suke so a cire.

Mataki na biyar: tsabtace bututu da shirya fuskar ƙarfe

Ka fara da cikin bututu. Harbi yana barin jan ƙarfe da dalma a cikin zanen bututun, kuma duk inda suka rufe naitirojin ba zai shiga daidai ba. Ka yi amfani da maganin narkar da jan ƙarfe, ka bi umarnin da ke jikin kwalbar kan tsawon lokaci, ka riƙa tura ƙyalle har ya daina fitowa da shuɗi. Dalma kuwa burushin tagulla ke fitar da ita. Bututun da aka shafe cikinsa da kuromiyom tun daga masana'anta ba a kai shi wannan wankan. Idan a wajen bindigar akwai tsohon shafen nikel ko kuromiyom, sai masu sana'ar shafe sun cire shi da sinadari tukuna.

Yanzu sai fuskar waje, kuma a nan kyawun aikin yake. Baƙin da zai fito siriri ne, ba ya cike ko ƙaramin karce. Ramin tsatsa zai fito baƙin rami. Idan kana son fuska mai kyau, sai an sauke ƙarfen da ke kewaye da ramin har su daidaita. Ana yin haka da sanfefa a naɗe jikin katako ko ƙarfe mai miƙaƙƙiyar fuska, ba a kan yatsa ba, domin yatsa yana lotsawa ya bar kwari. Ka fara da mai lamba 220, ka koma 320, sannan 400, kana jan hannu ta fuska ɗaya, kana sauya fuskar kaɗan idan ka sauya lamba don ka ga ko karcen na baya ya fita. Ka kiyaye abu biyu: kusurwoyi su zauna da kaifinsu, rubutu kuma kada gefensa ya zaizaye. Injin goge ƙarfe mai juyawa yana da sauri, amma shi ne ke mayar da bindiga mai kyau kamar wadda ta narke. A hannun wanda bai ƙware ba, barinsa ya fi.

Ramin da ya yi zurfi, kada ka bi shi har ƙasa. Gara ɗan tabo ya saura da a rage kaurin silaid. Wasu suna cike ramin da walda, sai dai wurin yakan fito da launi daban, kuma zafin waldar yana taɓa taurin da ke kewaye.

Irin shirin da aka yi wa fuskar shi ke yanke yadda baƙin zai kasance. Wadda aka goge ta yi sumul za ta fito baƙa mai sheƙi. Wadda aka fesa wa ƙananan ƙwayoyin gilashi za ta fito da laushin gani ba ƙyalli. Wadda aka fesa wa garin alminiyom oksayid za ta fito baƙa ƙirin mai ɗan kaushi, kuma ita ta fi ɓoye ƙananan tabo. Ni na fi son a goge gefuna biyu masu faɗi, a fesa sama da wuraren da suka lanƙwasa, domin saman da ba ya ƙyalli ya fi daɗin saiti a rana. Wajen feshin a toshe bututu ta baki da ta baya, a rufe hanyoyin da silaid ke zamewa, a bi ta kan lamba da sauƙi. Ba a feshi da yashi, ƙurarsa tana lalata huhu, kuma ko da wane gari ake yi sai da abin rufe hanci na gaske. Kamfanoni da yawa su ke yin feshin da kansu daf da tsomawa, kuma hakan ya fi, domin ƙarfen da aka fesa yana fara tsatsa cikin sa'o'i kaɗan, shatin yatsa ma yana zama a jikinsa.

Mataki na shida: aikawa

Ka shafa mai kaɗan, ka naɗe kowane sashe shi kaɗai, ka kare bakin bututu da kyau tun da ɗan lotsawa a nan yana karkatar da harsashi. Ka rubuta jerin abin da ka aika da lambobinsu da irin fuskar da kake so a kowane wuri, ka riƙe kwafi.

Mataki na bakwai: idan sassan sun dawo

Kada ɗokin ganin baƙin ya sa ka haɗa ta nan take. Ka fara duba lamba, ka ƙirga sassan, sannan ka kai su hasken rana. Ɗan bambancin launi tsakanin bututu da silaid ba aibi ba ne, irin ƙarfensu ne ya bambanta. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne dabbare-dabbare, ko ja-ja, ko farin gari a bakin ramuka.

Ko da kamfanin ya ce ya wanke, ka sake wankewa. Ruwan zafi da sabulu, da ƙaramin burushi, kana bin ramin allura da gurbin ƙugiya da duk ramin da ba shi da mafita. Ka sa safar hannu. Ka ɗauraye da ruwa mai zafi sosai don ya bushe da kansa, ka hura iska a ramukan, sannan ka jiƙa sassan da man bindiga ka bar su su kwana. Saman wannan fatar yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, suna shan mai su riƙe, kuma wani kaso na kariyar daga nan yake zuwa. Washegari ka goge abin da ya yi yawa, musamman a ramin allura, wanda ake so ya zauna kusan a bushe.

Cikin bututu yana bukatar wanki na musamman kafin harbin farko. Yakan dawo da ɗan kaushi da ragowar baƙin gari. Ka bi shi da burushi da ƙyalle har ƙyallen ya fito fes, ka haska ka tabbata babu abin da ya tsaya a ciki.

Mataki na takwas: haɗawa da gwaji

Tun da an riga an kwance komai, wannan ne lokacin sa sababbin sifirin. Idan wata kusa ta ƙi shiga raminta, kada ka bi ta da guduma, ka duba ko ragowar gishiri ce ta tsaya. Saiti ma yana iya matsewa a gurbinsa, kuma ƙasan saitin ake ragewa, ba gurbin silaid ba.

Bayan ka haɗa, ka gwada ta babu harsashi: makullin kariya yana hana kunama aiki, silaid yana tafiya yana dawowa ba ciza, gidan harsashi yana shiga yana fita. Ka ci gaba da harsashin gwaji marar albarushi ka ga yana shiga gurbi yana fita. Idan wani abu ya sauya a yadda kunama ke ji a yatsa, ka tsaya ka kai wa mai gyara. A filin harbi ka fara da harsashi ɗaya a gidan, sannan biyu, kafin ka cika. Ka duba kwanson da ya fito ko ya kumbura ko ya karce. Ɗan nauyin tafiyar silaid a farko yakan wuce idan sassan sun saba da juna.

A makonnin farko ka riƙa duba bakin ramuka da wuraren haɗuwa. Idan farin gari ya ɓullo, ka sake wanke wurin da ruwan zafi ka shafa mai. Idan ya ci gaba da dawowa, ka sanar da kamfanin. Nan gaba kube zai sa kusurwoyi su yi ɗan haske, wannan baƙin sama ne ke gogewa, fatar mai tauri tana nan.

Ga sassan da ba za su shiga tukunya ba

Gangar alminiyom ana yi mata taurarawa ta wutar lantarki cikin ruwan asid, wadda ke mayar da samanta fata mai tauri, ana kuma iya rina ta baƙi. Sassan da ba sa son zafi mai yawa za a iya yi musu shafen kuromiyom mai tauri, da sharaɗin a gasa su a kusan digiri 190 bayan shafen don fitar da haidirojin da ke sa ƙarfe gautsi, sannan a tuna cewa shi yana ƙara kauri. Akwai kuma DLC, shafen kabon mai kama da lu'ulu'u da ake yi a ɗakin da aka zuƙe wa iska. Ya fi wankan gishiri tauri amma kaurinsa 'yan maikiron ne, don haka ya fi aiki a kan ƙarfen da dama yake da tauri, kuma wasu suna ɗora shi a kan fatar naitirojin. Cerakote fenti ne mai haɗin yumɓu da ake gasawa a zafi mai sauƙi, yana hawa ƙarfe da alminiyom da roba, yana da launuka da yawa kuma yana kare tsatsa da kyau, sai dai kube yana cin sa da wuri fiye da sauran. Idan kana son gangar alminiyom da silaid na ƙarfe su yi kusa a launi, ka aika silaid wankan gishiri tukuna, idan ya dawo ka kai shi wa mai aikin gangar ya daidaita baƙinsa da shi.